Haƙƙin Bakin Teku a Kan Mai Ziyara

A wannan mako za mu ɗan yi nisa da gida, mu gangara kudu har ƙasar Ghana, mu tsaya a inda ƙasa ta ƙare ruwa ya soma. A gabashin Akra, babban birnin ƙasar, wanda Hausawa ke kira Ankara tun zamanin fatake, akwai wani bakin teku mai yashi da ake ce wa Labadi. Yana cikin ƙasar mutanen La, ɗaya daga garuruwan ƙabilar Ga, a kan hanyar da ta nufi Teshi da Tema. Duk cikin wuraren shan iska na birnin babu wanda ya kai shi suna. Tambayar da za mu tattauna a kanta ita ce: mutumin da ya biya kuɗi a ƙofa ya shiga irin wannan wuri, me ya saya da kuɗin nasa, kuma me ya rage a wuyansa wanda kuɗin bai biya ba?

Wanda ya je Labadi ranar Asabar ko Lahadi da la'asar zai tarar da wuri cike maƙil. Ga kujeru da rumfuna an jera a kan yashi, ga makaɗa da masu rawa da 'yan wasan alkafura, ga samari suna jan dawaki suna neman mai hawa ya biya, ga hayaƙin tsire yana tashi. Bahaushe ba zai ji baƙunta sosai ba, domin tsiren nan da mutanen Ghana ke kira cicinga daga hannun mahautanmu ya shiga ƙasar, haka nan shinkafa da waken da suke kira wace, da koko da ƙosai da ake karya kumallo da su a cikin gari. Zuriyar fataken Gwanja, da ta sojojin Hausa na zamanin Turawa, suna nan a Nima da Mamobi da Sabon Zango, unguwar da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20. Idan an yi Salla, ƙarama ko babba, matasan zango sukan yi ɗango zuwa bakin teku su wuni. Saboda haka maganar Labadi maganarmu ce, ba labarin wasu can ba ne.

Mutane sun kasu biyu a kan wannan ziyara. Akwai masu cewa mutumin kirki ba shi da abin yi a can, tun da wuri ne na kaɗe-kaɗe da giya da shiga maras kamun kai. Akwai kuma masu cewa ai hutu ne, wanda ya shafe mako yana fama da cunkoson motoci da zafin ɗakin haya, in ya biya kuɗinsa ya shiga, to, a bar shi ya sake, kada a dame shi da wa'azi. Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Na farko sun yi daidai da suka lura cewa wuri yana tasiri a kan mai zama cikinsa, kuma wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙarfi, nisantar wurin a lokacin cunkoso shi ya fi masa. Amma sun manta cewa teku ta riga makaɗa zuwa wurin, kuma da hantsi ko a tsakiyar mako mutum yana iya zuwa da iyalinsa ya tarar da masunta da tsuntsaye kaɗai. Na biyu kuwa sun yi daidai da suka ce rai yana bukatar hutu, don jakin da ba a sauke masa kaya ba ya kai gari. Inda suka kuskure shi ne zaton da suka yi cewa hutun jiki hutun hali ne, watau mutum zai iya tuɓe ɗabi'arsa a ƙofa kamar yadda yake tuɓe takalmi kafin ya taka yashi.

A garinsu mutum yana da masu tsaronsa da yawa. Akwai idon maƙwabci, da kunyar suruki, da tsoron kada a ce ɗan gidan wane ya yi kaza. A bakin teku duk waɗannan sun faɗi, yana cikin dubban mutane babu wanda ya san sunan kakansa. Abin da ya aikata a wannan hali shi ne ainihin halinsa, sauran duk na aro ne, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Don haka ne muka ɗauki wannan wuri ya zama ma'auni. Ya zo a cikin ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanya, da suka nuna ba su da makawa sai ya sharɗanta musu su ba hanya haƙƙinta, ya kuwa lissafa runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da horo da alheri da hani ga mummuna. Abin lura a nan shi ne bai kore su daga wurin ba, sai ya ɗora musu nauyinsa. To, in hanya tana da haƙƙi, bakin teku ma yana da nasa, kuma za mu duba shi ɗaya bayan ɗaya.

Haƙƙi na farko shi ne tsabta. Wanda ya je gaɓar Ankara da sassafe a lokacin damina, kafin masu shara su fito, zai ga abin da teku ta amayo cikin dare: ledojin ruwan sha, da robobin lemo, da silifas ƙafa ɗaya, da tsummoki sun nannaɗe kamar igiya. Yawancin wannan ƙazanta daga cikin gari ta fito. Ledar da aka yar a kwata a Nima ko a tsakiyar kasuwa, ruwan sama ne ke kwasarta ya zuba a manyan magudanai, irin su kogin Odo wanda ke faɗawa tafkin Kole a yammacin birni, daga nan sai teku. Ruwan gaɓar wannan yanki kuwa daga yamma yake gangarawa zuwa gabas, saboda haka abin da aka zuba a yamma yakan biyo gaɓa ya sauka a yashin da ke gabas. Tsummokin ma suna da asali. An ƙiyasta cewa kasuwar gwanjo ta Kantamanto tana karɓar tufafi wajen miliyan 15 a kowane mako daga ƙasashen waje, kuma kusan kashi 40 cikin 100 ba sa sayuwa, shara suke zama. Rigar da wani ya gaji da ita a Ingila ko Amurka, ita ce ke sarƙe komar masunci a Ghana.

Mai yar da leda yakan kare kansa da hujja biyu. Ta farko, ya ce leda ɗaya me za ta yi wa teku? Wannan magana gaskiya ce in shi kaɗai ne, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma kowane ɗaya daga cikin miliyoyin mazauna birnin da irin wannan hujja yake yar da tasa. Duk hujjar da in kowa ya riƙe ta gari zai lalace, to, ba ta halatta ga mutum ɗaya, don ba shi da wani fifiko da zai sa a keɓe shi. Ranar 3 ga watan Yuni na shekarar 2015 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Ankara, magudanai suka cika suka tumbatsa, mutane suka fake a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mai ya malala a kan ruwa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Cikin dalilan ambaliyar da aka lissafa akwai toshewar magudanai da shara da gine-gine a kan hanyar ruwa. Babu wanda zai iya nuna leda guda ya ce ita ce ta yi kisa, amma kuma babu ledar da za ta ce ba da ita aka toshe kwatar ba.

Hujja ta biyu ita ce: ai na biya kuɗin shiga, akwai waɗanda ake biya su share. Wannan ita ce tushen tambayarmu. Kuɗin ƙofa izinin shiga ne da zama na 'yan sa'o'i, bai mallaka wa mutum yashi ko ruwa ba. Wanda ya kama ɗakin haya ba ya fasa bango don ya biya kuɗin wata. Kuma mai shara iyakarsa abin da ya tsaya a kan yashi, wanda igiyar ruwa ta riga ta janye ya fi ƙarfin tsintsiyarsa. Roba ba ta ruɓewa kamar ganye, sai dai rana da gishiri su farfasa ta ta zama ƙanana-ƙanana, kifi ya haɗiye, a kama kifin a kawo kasuwa, mai yar da ita ya saya ya kai wa 'ya'yansa. Malaman fikihu sun daɗe da karantar da cewa mutane abokan tarayya ne a ruwa da makiyaya da wuta, kuma an hana yin bahaya a mashaya da tsakiyar hanya da inuwar da ake hutawa. Dalilin hanin a fili yake: abin da kowa ke da rabo a ciki, ɓata shi zalunci ne ga mutanen da ba za ka taɓa iya bi ɗaya-ɗaya ka nemi gafararsu ba. Wanda ya ci kuɗin mutum guda ya san ƙofar da zai je ya biya. Wanda ya ɓata ruwan jama'a, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Haƙƙi na biyu na masu wuri ne. Kafin Turawan Ingila su mai da hedkwatarsu daga Kef Kos zuwa Ankara a shekarar 1877, da daɗewa mutanen Ga suna zaune a wannan gaɓa suna kamun kifi. Abin da yake wurin shaƙatawa ga mai ziyara, gona ce ga masunci. A al'adarsu ba a fita kamun kifi ranar Talata, kuma kafin bikinsu na Homowo sarakunan gargajiya sukan hana kiɗa da hayaniya har na tsawon wata guda. Musulmi ba ya tarayya da su a cikin aƙidar da suka jingina waɗannan al'adu gare ta, kuma babu mai tilasta masa. Amma rashin tarayya a aƙida ba ya ba baƙo damar raina mai masaukinsa, ko ya taka komarsa da aka shanya, ko ya hau kwale-kwalensa don ɗaukar hoto ba tare da izini ba. Sa'an nan mai hankali zai lura cewa ranar hutun nan tana da amfani ga teku, tana ba masunci lokacin ɗinke koma, tana kuma rage wa kifi matsi. Da kifi ya yi ƙaranci a ruwan Ghana, gwamnati da kanta ta rufe wa masu kwale-kwale kamun kifi na wata guda a shekarar 2019 don kifin ya samu ya hayayyafa. Watau abin da hukuma ta koma yi da doka, tsofaffi sun riga sun gane tushensa, cewa abin da ake ci kullum ba a bari ya huta, ƙarewa yake yi.

Haƙƙi na uku na sauran masu ziyara ne, kuma nauyinsa ya ƙaru a zamanin nan. A da, abin da ido ya gani a bakin teku a can yake ƙarewa. Yau kowane aljihu da waya mai ɗaukar hoto, kuma saurayi yana iya ɗaukar matar wani ko 'yar wani tana wasa da ruwa, kafin magariba hoton ya zaga garuruwa ana dariya. Wani ma yakan yi haka da sunan wa'azi, ya watsa hotunan 'yan mata ya ce ku dubi lalacewar zamani, alhali shi ne ya ɗauke abin daga idon mutum ɗari ya kai shi idon dubu ɗari. Wanda aka umurta da runtse idonsa, yaya zai zama shi ne mai ara wa duniya ido? Shigar wani maras kyau laifinsa ne, kallonka da ɗaukarka laifinka ne, kuma ɗaya ba ya wanke ɗaya. Haka nan dokin da ake haya, shi ma yana da haƙƙi. Gudu a kan yashi ya fi gudu a tsandauri wahala, don ƙafa nutsewa take yi. In ka ga doki ya rame, ko bayansa da gyambo, ko yana haki, to, kuɗinka ne zai sa a ci gaba da wahalshe shi, ƙin hawanka kuwa shi ne zai koya wa mai shi ya kula da shi.

Haƙƙi na huɗu shi ne na rai, kuma a nan muke roƙon iyaye su saurara da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma in an auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan wannan asara. Yaron da ya koyi iyo a kududdufi ko a rafi yakan zaci teku ma haka take, alhali gaɓar Tekun Gini tana da wani haɗari da ba a gani a ruwan tudu. Igiyoyin ruwa suna tura ruwa zuwa gaɓa ba ƙaƙƙautawa, wannan ruwa kuwa dole ya koma, sai ya nemi wata 'yar siririyar hanya a tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi ya kwarara ciki da ƙarfi. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wurin yakan fi ko'ina kwanciya a ido, babu kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu, sai baƙo ya ce nan ne ya fi daɗin wanka. Wanda wannan ja ya kama, in ya ce zai yi kokawa da shi ya komo gaɓa kai tsaye, ƙarfinsa zai ƙare ya nutse. Abin yi shi ne ya kwantar da hankali, ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu don a gan shi, in ya iya iyo ya yi gefe, watau ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar, sa'an nan ya juyo. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa da ka in bai ƙware ba, ya kira masu ceto da masunta, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya. Babban da ya kwashi 'ya'yan maƙwabta ranar Salla ya kai su teku, sa'an nan ya zauna yana danna waya, amana ya ɗauka ya ajiye a kan yashi. Cewa ajali ne ba ya sauke masa nauyin sakaci, don wanda ya ce a dogara ga Allah shi ne ya ce a ɗaure raƙumi.

Akwai wani haƙƙi kuma da ba a cika tunawa da shi ba, shi ne na waɗanda suka shuɗe. Daga Labadi in ka bi gaɓa yamma kaɗan za ka iske ganuwar Osu, wadda Turawan Denmak suka gina wajen shekarar 1661 suka sa mata suna Kiristiyansbog, suka sayar wa Ingila a 1850, ta kuma zama fadar gwamnatin Ghana har zuwa 2013. Ta wannan ganuwa da 'yan'uwanta da ke jere a gaɓar an fitar da bayi masu ɗimbin yawa zuwa ƙasashen Amurka. Da yawa daga cikinsu mutanen arewa ne, 'yan ƙasar tudu irinmu, waɗanda ranar da suka fara ganin teku ita ce ranar da suka yi sallama da ƙasarsu. Kuma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta ko da ɗaci: kasuwar Salaga da kakanninmu fatake suka yi arziki a cikinta da goro, kasuwar bayi ce kuma, kuma ba duk hannun Musulmi ne ya fita daga wannan ciniki da tsabta ba. Ba muna cewa mai ziyara ya zauna yana kuka ba. Amma wanda ya san abin da wannan yashi ya gani, zai taka shi da ɗan nauyin kai, zai kuma tambayi kansa wane abu ne mu ma muke yi yau muna ganin ba kome, wanda jikokinmu za su ji kunyarsa.

Daga ƙarshe, kada mu zaci bakin teku abu ne da ba ya ƙarewa. Dattawan da suka zauna Ikko lokacin tana babban birnin Nijeriya, kafin a koma Abuja a 1991, sun san Babbic, wurin da ya yi suna fiye da kowane a ƙasar. Katangun duwatsu da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 sun tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, sai teku ta yi ta cin gaɓar shekara da shekaru har ta riƙa hawa titi. Tun daga wajen 2008 aka shiga cike wurin ana gina sabuwar unguwa ta masu hali, yau talakan Ikko ba shi da Babbic ɗin da ubansa ya sani. Waɗanda suka gina katangun ba su yi nufin hana jikokin wani wurin shan iska ba, amma abin da ya faru ke nan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amsar tambayarmu ke nan, 'yan'uwa. Mai ziyara ya sayi izinin shiga, ya samu iska da kallo da hutun rai, kuma babu laifi a kansa in ya zaɓi lokaci da wuri da abokan tafiya na kirki, bai bar sallarsa ta wuce ba. Abin da ya rage a wuyansa aro ne daga masunta masu wurin, da baƙin da ke gefensa, da yaran da ba a haifa ba tukuna. Saboda haka in Allah Ya kai ka Labadi, ko wata gaɓa irinta, tafi da jakar da za ka zuba shararka, in ka samu hali ka tsince ta wani. Tambayi masunta inda ruwa ke ja kafin ka bar yaro ya sa ƙafa. Mai da wayarka aljihu in ba iyalinka za ka ɗauka ba. In za ka tafi, waiga ka dubi inda ka zauna, ka ga ko wanda zai zo bayanka zai gode maka.

Allah Ya sa mu zama masu riƙon amana a inda aka san mu da inda ba a san mu ba.